Shekarar da Na Buɗe Rumbun Baba

Bana ruwa ya sauka sau biyu, muka yi shuka, ya ɗauke. Yau kwana goma sha tara ke nan. Da safe in na je gona sai in tarar tsiron ya ɗan miƙe, kafin azahar ya nannaɗe kamar an gasa shi. Shekaranjiya wasu samari suka zo garinmu a farar mota, daga wata ƙungiya a Dutse, kowa da waya a hannu. Ba su gama sallama ba mata suka fara fito musu da tukwane babu komai a ciki, ana cewa a ɗauka. Kafin la'asar wai hoton ya riga ya kai inda za shi. Ni dai na koma gindin darbejiya na zauna. Ba na ganin laifin kowa. Wani abu ne ya dawo min a rai, shi nake son in rubuta da ɗan karatun da na yi, don a aji huɗu na firamare na tsaya.

Shekarun farko ne bayan an yanke Jigawa daga Kano, zamanin soja, lokacin da mota ke kwana biyu a layin mai. Garinmu ƙauye ne tsakanin Kiyawa da Dutse, ba sai na faɗi sunansa ba. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, da matata Rabi, da 'yar goye. Gida ɗaya muke da iyayena, gandu ɗaya, tukunya ɗaya. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. In tana son in ji wani abu, sai ta juya kai gefe ta faɗa kamar da bango take.

Daminar da ta gabata ruwa ya yanke gero yana fitar da kai. Muka ɗaure abin da ya samu, rabinsa ƙaiƙayi. Bayan kaka dai muna nan yadda aka saba, ɗumame da safe, fura da rana, tuwo da dare. Fura ce ta fara tafiya. Ba wanda ya yi sanarwa. Wata rana ce kawai azahar ta yi ba a kawo ba, ba kuma wanda ya tambaya. Sai ɗumame ya koma kunu, kunun ya yi ta tsinkewa har kana hango gindin kwano. Kafin bazara ta kai tsakiya, dusar da muke ba akuya ta koma tukunyarmu, akuyar kuma Baba ya ja ta kasuwa. Rabi da Inna su fita da sassafe su yago zogale da yaɗiya, a dafa, a barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. Ciki ya cika, amma ƙafa ba ta ɗaukar mutum.

Ga zafi. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmin roba. Rijiyar masallaci ta ja, guga yana fitowa rabinsa laka, sai an ajiye ya kwanta kafin a sha. Kaji suna buɗe baki a inuwar danga. Da rana gari ya yi tsit. Wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da nake nufi, in rana ta take ba ka ji ƙarar turmi ko ɗaya ba, to ba lafiya.

A gidanmu, kamar yawancin gidajen garin, rumbu na maigida ne shi kaɗai. Mace ba ta hawa, ɗa ba ya leƙawa sai an zo rabon gado. Babana, Malam Idi, shi ke kafa tsani bayan sallar asuba, ya ɗaga jinka, ya zaro zangarniyar ranar ya miƙa wa Inna. Abin da ya rage a ciki daga shi sai Allah. A bazarar nan na lura da wani abu. Baba bai daina hawa ba. Ya hau, ya ɗaga jinka, ya sunkuya ciki ya ɗan jima, ya sauko yana riƙe da bakin rigarsa kamar ya ƙunso wani abu. Babu komai a rigar. Don masu hange ta saman danga yake yi. Inna ita ma tana da nata. In rana ta yi sanyi sai ta hura wuta ta ɗora tukunya da ruwa zalla, hayaƙi ya tashi daga gidan Malam Idi kamar na kowa. Sai daga baya na gane rabin hayaƙin garin irin namu ne.

Iri kuwa Baba ya rataye shi a ɗakinsa, bai bar yunwa ta taɓa shi ba. Ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya tashi, muka fita da sungumi mu duka, har Rabi da goyo. Tsiro ya fito gwanin kyau. Ruwa ya ɗauke, ya ƙone. Aka sake wani ruwan, muka zuba ragowar irin, shi ma ya ƙone. Aka fita roƙon ruwa bayan gari har sau biyu. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da gaske, amma me za a shuka? Dattawa suka ce in aka ƙara mako uku ba a sa iri a ƙasa ba, gero ba zai kai ba. Wato yunwar ba ta wannan shekara kaɗai ba ce, har da ta gaba.

A lokacin ina aiki a Dutse. Ci-rani ne ya kai ni leburanci wurin gine-ginen sabuwar gwamnati, daga nan na samu aikin masinja a wata ƙaramar ƙungiyar taimakon manoma. Ofishin ɗaki biyu ne a gindin duwatsun nan da suke mayar da zafi har bayan magariba. Duk mako ina zuwa gida a keke da ɗan garin rogo a ɗaure a baya, iyakar ƙarfina ke nan. Shugabar ƙungiyar wata Hajiya ce, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti. Sakatare kuma Malam Sani, mutumin Kafin Hausa, tsohon malamin makaranta, siriri, mai son goro da zolaya.

Ƙungiyar ba ta da gona, ba ta da sito. Abin da take da shi wata takarda ce mai shafi huɗu da ake fitarwa duk wata uku, a kai wa masu bayarwa. Yawancinsu 'yan asalin Jigawa ne da ke kasuwanci ko aikin gwamnati a Kano da Kaduna da Legas. Malam Sani ya buga a tafireta, a kai wa masu buga takardu, ni in ninke, in sa a ambulan, in lashi kan sarki har harshena ya yi ɗaci. Na Kano ni nake kaiwa hannu da hannu a bas.

Wata rana muna ninkewa ya ce min, "Audu, ka san me ya sa a da ba a ba mu komai?"

Na ce ban sani ba.

"A da shafin farko hoton Hajiya ne tana jawabi. Na biyu sunayen waɗanda suka zo taro. Alhaji ya buɗe, ya ga mun ƙoshi, ya ba mai tsire ya naɗe masa nama da ita."

"To yanzu fa, Malam?"

"Yanzu gida ɗaya, mutum ɗaya, hoto ɗaya. In ka ce wa Alhaji mutum dubu suna jin yunwa, sai ya ce Allah ya kyauta, wannan aikin gwamnati ne. In ka nuna masa tsohuwa ɗaya mai kama da uwarsa, abincin rana ba zai wuce masa ba. Sai ka faɗa masa abin da kyautarsa ta baya ta yi, don ya san ba mu cinye ba. A ƙarshe ka roƙi abu ɗaya tak, ka faɗi ranar da in ta wuce ba shi da amfani. Kuma ban da ƙarya. Kowane Alhaji yana da ɗan'uwa a ƙauye, zai ji."

Da na ji takardar wannan karon ta neman iri ce, kuma garin da ya fito a ciki shi ake fara kai wa, na je na durƙusa gaban Hajiya na ce, "Ranki ya daɗe, a je garinmu." Ta ce garuruwa da yawa suna cikin hali ɗaya, man da ke babur kuma ba mai yawa ba ne. Malam Sani ya sa baki, ta yarda. Na aika wa maigari cewa ranar Talata baƙi za su zo ɗaukar hoto. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ga abin ƙarawa ba.

Muka iso a babur ɗin ofis, ni a baya, kyamara a wuyan Malam Sani. Tun daga bakin gari na ga abin da ban zata ba. An share ko'ina fes. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar maigari, dattawa sun jeru cikin manyan rigunan Sallah, Baba har da rawani. An wanke yara an shafa musu mai suna ƙyalli. Maigari ya sa an yanka zakara, aka kawo fura da nono a sabuwar ƙwarya. Har yau ban san gidajen da aka tatso geron furar nan ba.

Bayan gaisuwa Malam Sani ya ce, "Ranka ya daɗe, yaya abinci a gari?"

Maigari ya ce, "Alhamdulillahi. Sai godiya."

"Na ji an ce shuka ta ƙone sau biyu."

"Haka Allah ya so. Zai kawo wata."

"Akwai gidan da ake kwana ba a ci ba?"

Maigari ya dubi dattawa, dattawa suka dubi tabarma. Baba ne ya amsa. "A garin nan? Ba mu ji ba."

Malam Sani ya juyo ya dube ni. Ya tashi ya ɗauki hotunansa, kowa ya gyara zama ya gyara hula. Ya sha furar, don ƙin sha cin fuska ne. Muka kama hanyar komawa har muka hau kwalta. Sannan ya ɗago murya ta cikin iska ya ce, "Audu, ɗaurin auren wa muka je?"

Washegari aka wanko hotuna, Hajiya ta baje su a tebur. Ta ce, "Waɗannan ai su ya kamata su taimaka mana. Dubi wannan dattijon, rigarsa ta fi ta maigidana."

Baba take nunawa. Na ce, "Ranki ya daɗe, ubana ne. Rigar ta girme ni." Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na faɗi tsani, na faɗi bakin rigar da babu komai a ciki, na faɗi tukunyar ruwa. Hajiya ta tattara hotunan ta kife su.

Malam Sani ya ajiye goron da ke hannunsa ya ce, "To wannan ita ce takardar." Ya ce hoto uku ya rage a ɗaya fim ɗin, ranar Asabar kuma za a kai wa mai bugawa. "Ka je ka roƙi Malam Idi. Rumbu a buɗe, shi a gefe. Ba zan sa sunansa ba. Amma sai ya yarda."

Da yammacin ranar na taka keke zuwa gida, na sami Baba a gona. Yana tsugune yana tona ramin shuka da yatsa, yana duba ko akwai ƙwayar da ba ta mutu ba. Na gaishe shi na tsuguna nesa kaɗan.

"Baba, baƙon nan yana so ya dawo."

"Ya dawo mana. Ba mu kore shi ba."

"Rumbu yake son ɗauka."

"Yana nan a tsaye. Ya ɗauka."

"A buɗe, Baba."

Ya miƙe ya kakkaɓe hannu. "Wa ya ce masa akwai abin gani a ciki?"

Bai jira amsata ba ya sake tambaya.

"Kai ka hau ka gani?"

"Ban hau ba."

"To."

Na yi masa bayani yadda na iya. Na ce iri ne na gari gaba ɗaya, na ce ba za a sa suna ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Wa ke karanta takardar?"

"Alhazai a Kano."

"Alhazan Kano. Waɗanda muka yi kiwo tare, muka yi karatun allo tare. Tun da nake ban taɓa miƙa wa ɗayansu hannu ba. Yanzu ɗana zai kai musu cikina a ambulan."

"Baba, 'yar nan ta Rabi nono ba ya isarta. Ko kuka ba ta iya yi sosai."

Baba ya ɗaga kai ya dubi sama. Hadari yana ƙara baƙi a gabas, wata iska mai sanyi tana kaɗa busasshen tsiro. Sai ya ɗauki takalmansa ya ce, "Gobe zan je ta'aziyya ƙauyen gaba. Ka koma wurin aikinka."

Ni a wurina a'a ce ya faɗa. Da asuba na taka keke zuwa Dutse, na ce wa Malam Sani Baba ya yarda, amma ba zai iya tsayawa ba, kunya yake ji. Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya nake yi.

Muka iso rana ta take. Na yi wa Malam Sani iso, ya shigo ya gaida Inna daga nesa. Na ɗauko tsani na jingina da rumbu. Inna tana zaune gaban murhu. Ta juya kai wajen danga ta ce, "A jira Malam."

Baba take nufi. Na yi kamar ban ji ba.

Ta sake cewa, "Da an jira Malam zuwa la'asar."

Na ce, "Inna, ga hadari nan, man babur kuma ba zai sake kawo mu ba." Malam Sani yana gyara kyamara, bai ji ba. Na hau.

Jinkar ta fi yadda nake zato nauyi. Da na ɗaga, wani zafi ya bugo ni da warin tsohon hatsi. Na san babu komai a ciki, na daɗe da sani, amma gani daban ne. Ɗan ƙaiƙayi a gefe, kashin ɓera, da fasasshiyar ƙwarya. Ƙasan rumbun kuwa a share yake, ga sawun yatsun Baba layi-layi inda ya yi ta kwalfar ƙura yana neman tsaba. Na sauko, Malam Sani ya hau ya ɗauki ɗaya. Ya ja baya ya ɗauki na biyu, rumbu a buɗe, Inna ta ba da baya gaban tukunyarta, kukar bayan gidanmu ta fito a sama. Na mayar da jinka, na mayar da tsani, na share sawunsa da ƙafa. Muka bar gari kafin la'asar. A hanya ruwa ya tsuge, irin na gaske, muka isa Dutse a jiƙe sharkaf. Malam Sani yana dariya, ya cusa kyamara cikin riga. Ni ban yi dariya ba.

Takardar ta fito da hoton nan na biyu a shafin farko. A ƙasa aka rubuta cewa a wannan gida ruwa ake dafawa don maƙwabta su ga hayaƙi. Malam Sani ya cika alkawari, wani dattijo kawai ya ce. A shafin baya ya roƙi iri, gero mai saurin nuna da wake, ya ce in aka wuce kwana goma a bar shi. Ni na ninke su duka. Ni na ɗauka zuwa Kano.

A kasuwar hatsi akwai wani Alhaji, ɗan ƙauyen da ke gaba da namu, wanda ya daɗe da barin gida. Na miƙa masa ambulan na tsaya. Ya sa tabarau, ya duba, ya matso da takardar kusa da fuska.

"Wannan kukar na san ta. Mai rassa biyu kamar gwafa. Wannan ba gidan Malam Idi ba ne?" Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Kai wane ne nasa?"

Na ce, "Masinja ne ni, ranka ya daɗe."

Haka na ce. Ban ce ubana ne ba.

Ya cire tabarau ya yi salati. Ya ce, "Malam Idi. Mutumin da in ya kira gayya sai an bar tuwo a ƙasa." Nan take ya sa aka ware buhuna. Ya kuma riƙe takardar ya shiga rumfunan abokansa da ita da kansa.

Ba a yi mako ba a-kori-kura ta shigo garinmu da iri. Aka raba a ƙofar maigari da kwano, gida-gida. Ruwa kuma ya zauna. Cikin kwana biyu gari ya shuke. Ban taɓa ganin aiki irin na daminar nan ba. Mutum ya nome kunya uku ya zauna ya jira jiri ya wuce. Aka yi gayya ba abinci, kowa ya zo da butar ruwansa, yau gonar wannan gobe ta wancan. Tafasa ta tsiro a bakin hanya, ita ta riƙe mu. Mata su tsinko, a dafa, a matse, a ci da gishiri. Bakin kowa ya yi kore. Ruwa yana zuba ta jinkar ɗakuna ba wanda ya yi ƙorafi. Gero ya tashi, ya yi duhu, ya rufe mutum. 'Yar Rabi ta fara kuka da ƙarfi, har muna jin daɗin kukan.

Amma Alhajin nan bai tsaya a iri ba. A cikin motar ya sa buhu guda na daban, na ci, ya ce a kai ƙofar Malam Idi, a ce masa me ya sa bai faɗa ba. Ya haɗa da takardar. Direba ya sauke buhun a gaban jama'a ya isar da saƙo da ƙarfi, don shi a ganinsa abin alheri ya kawo. Takardar ta bi hannu-hannu har wani malamin firamare ya karanta ta a ƙofar masallaci. Ba suna a ciki, amma a ƙauye wa bai san rumbun wani ba?

Yawancin mutane sun yi shiru. Wasu ba su yi ba. Wani sa'an Baba, abokin wasansa, ya ce masa a gaban mutane, "Malam Idi, ruwan yau da gishiri ko lami?" Aka yi dariya. Shi mai maganar na san abin da ke tukunyar gidansa a bazarar. Mata kuwa haushin Inna suka ji, don asirin ba nata kaɗai ba ne, ta sa yanzu kowa yana kallon hayaƙin kowa. Ta daina zuwa rijiya, sai Rabi.

Baba ya aika da buhun gidan maigari ya ce a raba wa marayu. Kason irinsa ya karɓa, ya shuka, ya nome. Amma ya daina zama a ƙofar masallaci. Ya yi salla ya ɗauki takalmi ya wuce. Ni kuma bai ce min komai ba. Na yi ta jiran faɗa, ko mari, ko a ce in bar gidan. In na gaishe shi ya amsa. Shi ke nan. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Malam Sani ya ji abin da ya faru, ya gane ƙaryar da na yi masa. Bai kai ni gaban Hajiya ba. Ya ce kawai, "Audu, abu ɗaya na ce maka sai ya yarda. Ka sa na shiga gidan dattijo kamar ɓarawo." Daga ranar zolaya ta ƙare tsakaninmu.

Kaka ta yi. Ba wata babbar shekara ba ce, amma an ɗaure abin da zai kai. Lokacin takarda ta gaba ya zo, wadda za a nuna wa masu bayarwa abin da irinsu ya yi. Hajiya ta ce rumbun nan dai za a sake ɗauka, a cike, da mai shi a gefe. Malam Sani ya ce wannan karon shi zai roƙa da bakinsa.

Muka tarar da Baba a tsakar gida, an jibge dammuna gaban rumbu ba a zuba ba. Malam Sani ya cire takalmi ya tsuguna, ya ba da haƙuri a kan na farko, ya faɗi abin da ya kawo shi. Baba ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Malam, kai ba ka da laifi. Aikinka ka yi, gari kuma ya ci. Allah ya saka." Sannan ya yi magana da ni, idonsa a kan dammunan. "Ranar nan kafin in fita na ce wa uwarka, in na dawo da la'asar a aika a kira ka. Maganar 'yar nan ce ta tsaya min. Da ka jira, da ni zan ɗaga jinkar da hannuna, in tsaya a gefe da rigar gona, duk mai dariya ya yi ina kallonsa."

Na dubi Inna. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Baba ya miƙe ya ɗauki lauje. Ya ce, "Tsani yana can. Tunda ka fara hawa, sai ka ci gaba." Ya fita.

Ni na zuba dammunan ranar, Rabi tana miƙo min. Malam Sani ya ɗauki rumbun a cike, ba kowa a gefensa, haka kuma ya fito a takarda. Baba ya ƙara shekara huɗu a duniya. Kullum bayan asuba ni nake kafa tsani in zaro na ranar. Yana zaune a ƙofar ɗakinsa da carbi, yana gani. Abin da aka dafa yana ci. Ko sau ɗaya bai tambaye ni abin da ya rage a ciki ba.